Kahin ka sayi mota, karanta ta

Kowa ya gyara zama, ya jawo kayensa da bik kusa da shi, don hirarmu ta yau akwai lambobi cikinta.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce: "Malam, ni da ko jaki ban mallaka ba, ina ruwana da mota?" Da ruwanka. In kai ba ka saya ba, ɗanka da ke ci-rani zai aiko da kuɗɗi ya ce a saya. Ko ƙungiyarku ta manoman albasa ta haɗa ƙarhi don ta samu abin kai kaya kasuwa. Ko wata cikin iyayenmu mata ta kwashi adashi, ta sai da shanunta, ta sayi taksi ta ba direba. Kuɗɗin mota ba na dare ɗaya ba ne. Gumin shekara biyar ne, ko goma. Ranar ciniki kuwa, cikin awa guda ana iya rabuwa da shi.

Ga abin da ya sa na kawo maganar cikin darasinmu. Mota cike take da rubutu. Akwai rubutu a takardunta. Akwai a jikin ƙarhenta, a tayoyinta, a galan na mai, a tablo gaban direba. Da can, in kun je ciniki irin wannan, sai abin da dillali ya gaya maku. Yanzu kun san haruffa, kun san lambobi. Dillali yana iya rantsuwa a kan ƙarya, amma lambar da anka buga a jikin ƙarhe tana nan, tana jiran mai karantawa.

Sabuwar mota dal, kaɗan ne cikinmu ke iya sayenta. Waɗanda muke gani a wuraren saida motoci okaziyo ne: wani ya hau su shekara da shekaru a Turai, sannan anka ɗoro su a jirgin ruwa. An daɗe a tashar Kwatano suke sauka, su hawo arewa, su ƙetare gadar Gaya. A 2023 anka ruhe wannan iyaka, kaya da yawa sunka koma bin Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo. Wasu motocin kuma daga Najeriya suke shigowa, ta Ƙonni, ta Ɗan Isa, ta Magarya. Ko ta ina ta biyo, motar ta yi wata rayuwa kahin ta zo hannunka. Mai sayarwa ba zai ba ka labarin duka ba. Wani ma shi kansa bai sani ba.

Wace iri za ka saya? Ba zan daɗe a nan ba. Sayi wadda makanikin garinku ya sani, wadda in wani ƙarhe nata ya mutu za a samu madadinsa a kasuwa ran nan. Dattawa sun tuna zamanin Peugeot 404 da 504. Har a Kaduna ana haɗa su, a masana'antar da anka buɗe a 1975, kuma duk garin da ka tsaya akwai mai gyara. Bayansu Toyota ta cika hanya, su Starlet, Corolla, Hiace da Hilux. Ba talla nike ma kowa ba. Amma kun sha ganin mota mai kyan ɗan maciji, wadda babu irinta a jiha duka, tana kwance wata uku ƙarƙashin bedi ana jiran saƙo daga Kano ko Lome, awaki sun maida ta wurin shan inuwa.

Yanzu ku buɗe kaye, mu yi lissahi. Mu ɗauka ƙaramar mota ce, tana shan lita 8 na isansi cikin kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne. Zuwa da dawowa, 470. Ku buga 470 sau 8, ku raba da 100. Za ku samu 37 da ɗan kai, mu ce lita 38. Don lissahi ya yi sauƙi, mu ɗauka lita ɗaya 500 F ce. 38 sau 500 ya ba mu 19.000 F, wato jikka 19. Wannan abin da ta sha ke nan a tahiya guda. Ba mu sa man inji ba, ba mu sa taya ba, ba mu sa asiransi da binyet ba, ba mu sa abincin direba ba. Mai doki ya san da wannan: ranar saye guda ce, harawa da dawa kuwa kullum ne. Saboda haka, in duk abin da ka mallaka a duniya shi ne kuɗɗin motar daidai, babu saura, shawarata ka dakata. Ko ka sayi wadda ba ta kai ta tsada ba, ka aje sauran. Motar okaziyo, komi kyanta, watan farko sai ta nemi gyara.

Ranar duba mota, kada ka tahi kai kaɗai. Tahi da makanikinka, wanda kai za ka biya. Makanikin da dillali ya kawo, na dillali ne. Shi dillali ba maƙiyinka ba ne, sai dai la'adarsa ba ta hita sai an yi ciniki. Kuma kada ka yarda da cinikin biri a sama, a nuna maka hoto cikin waya a ce motar tana hanya, ka ba da rabi.

Ku je da sahe, da rana tsaka ko da dare ba a duba mota. Kahin a tada ta, ɗora tahin hannunka bisa kapo. In ka ji ɗumi, an riga an tada ta kahin ka zo. Ka ce za ka dawo gobe. Inji mai ciwo da sanyin sahiya yake tona kansa, kamar tsoho mai tari.

Sai a murɗa makulli rabi, ba a tada inji ba. Dubi tablo. Ƙananan hitilu za su kama, ja da rawaya: mai kamar butar mai, mai kamar batir, mai kamar inji. Dole su kama duka. In an tada inji kuma, dole su mutu. In wata ba ta kama ba tun farko, tambaya. Akwai masu cire ƙwan hitilar don kada ta faɗi abin da ke ciki.

Inji ya tashi, zagaya baya ka dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, inji yana ƙona mansa, ya tsufa. Baƙin hayaƙi, yana shan abin sha hiye da iska, sau da yawa wannan mai gyaruwa ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zahi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A kashe inji, a zaro sandar gwajin mai. Man kirki ruwan zuma ne, ko baƙi in ya daɗe. In ka ga ya yi kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Makanikai za su ce maka juwan kulas ya ƙone. Wannan babban aiki ne, ka bar masu motarsu.

Duƙa ka leƙa ƙarƙashi. Kada ka ji kunyar ɓata riga. A Turai ana watsa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarhe daga ƙasa. Sama fenti na walƙiya, ƙasa tsatsa. In kana da ɗan maganaɗisu, bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa a ƙofa ko gehe, mai yiwuwa an yi karo an cike wurin da mastik an bi da fenti. Lambar kilomita da ke tablo kuwa, karanta ta, amma kada ka ba ta gaskiya duka, don ana juya ta baya. Dubi robar da ake takawa a birki, dubi sitiyari, dubi kujerar direba. In lamba ta ce yarinya ce, roba kuma ta suɗe har ƙarhe ya hito, robar ce ke faɗin gaskiya. Bayan haka a hau ta. Kada a tsaya ga kwalta mai santsi, a shiga da ita hanyar burji mai gargada, a taka birki a gani ko tana ja gehe ɗaya.

To, mun zo ga inda karatunku zai yi aikin da makaniki ma ba lalle ya yi maku ba, wato takardu.

Kowace mota tana da lamba tata ita kaɗai, wadda babu mai irinta. Ba lambar da ke gaba da baya nike nuhi ba, wannan ana sakewa. Ina nuhin lambar shasi. Tun daga 1981, galibin motocin da anka ƙera don Turai da Amurka, lambar nan tana da gida 17, haruffa gauraye da lambobi. Ana buga ta a jikin ƙarhen motar, cikin kapo, ko a ƙasa kusa da kujerar gaba, ko a ginshiƙin ƙofa. Wasu kuma ana hango ta ta gilashin gaba. Ga wani abin da zai sauƙaƙa maku: ba a sa haruffa uku cikinta, I da O da Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Saboda haka duk zagayen da ka gani ziro ne. Harahin farko ma yana da magana. Wadda anka ƙera a Japan da J take farawa. Ta Jamus da W. Ta Faransa sau da yawa da VF.

Wannan lamba ita ce ke rubuce cikin kart giriz, takardar da ke faɗin mai mota. A bisanta za ku ga an rubuta da Faransanci, carte grise. Riƙe takardar a hannun hagu, ɗora yatsan dama a kan ƙarhe, ka bi gida gida. Kada ka yi sauri. Kada ka bari a karanta maka. Goge ƙura da tsumma ka gani da idonka. Gida 17, kowane ya yi daidai da ɗan'uwansa. In gida ɗaya tak ya saɓa, takardar ba ta wannan mota ba ce. In ka ga alamar an kankare wurin, ko an yi walda kewaye da lambar, ko fentin wurin ya hi na kusa da shi sabunta, tashi ka kaɗe rigarka. Wani ɗalibin ajinmu, mai saida hatsi, shekararsa biyu kacal da fara karatu, ya raka ƙanensa sayen Hiace. Ana ta shan shayi ana yabon mota, shi kuwa yana duƙe yana bin lamba da yatsa. A gida na 12 takarda ta ce 3, ƙarhe ya ce 8. Mai motar ya ce kuskuren magatakarda ne. Wataƙila haka ne. Amma ɗalibin nan ya ce a je a gyara kuskuren tukuna, kuɗɗi na nan. Har yau ba a dawo ba.

Cikin kart giriz ɗin, karanta sunan mai ita. Shi ne wanda ke tsaye gabanka? Ya nuna katinsa na ɗan ƙasa, ka gwada suna da suna. In ya ce ta yayansa ce, ko ta maigidansa, a kawo takardar da ta ba shi izinin sayarwa. Akwai kuma shekarar da motar ta fara hawa hanya, inda anka rubuta mise en circulation. Dillali zai ce maka ƴar bara ce. Ɗebe wannan shekara daga shekarar da muke ciki, ka samu shekarunta da kanka. Akwai yawan mutanen da anka yarda ta ɗauka, da nauyin da ba a so ta wuce. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Sai takardar duwan. A nan mutanen bakin iyaka ke yawan faɗawa rami. Ana kawo mota mai lambar wata ƙasa, a ce araha ce. Araha ce don ba a biya mata duwan ba. Ranar da anka tsaida ka a shinge, kai za ka biya, har da tara, in ma ba a riƙe motar ba. Araha ba ta ado.

Takardar asiransi tana da kwanan wata biyu. Ku koyi ƙananan kalmomi biyu na Faransanci: du, wato daga, au, wato zuwa. Abin da ke bayan au shi ne ranar da takardar ke mutuwa. Haka ta bizit teknik, wato gwajin lahiyar mota, ita ma tana da ranar mutuwarta. Kuma ku san wani abu da mutane da yawa ba su gane ba sai bayan hatsari: asiransin dole, wanda kowa ke yanka, ba ya gyara maka motarka. Wanda ka buge shi yake biya. Kada wannan ya sa ka raina shi. In motarka ta kaɗe ɗan mutane ba ka da asiransi, gonarka da gidanka ne ke cikin magana.

An daidaita, za a biya. A rubuta takardar ciniki. A sa sunanka, sunan mai sayarwa, lambar shasi duka 17, kwanan wata, da kuɗɗi. A nan ku yi hankali ƙwarai. Mu da dala da jikka muke ƙidaya, takarda kuwa da tamma take magana. Dala ɗaya 5 F ce. Jikka ɗaya 1.000 F. In kun yi ciniki a miliyan biyu da rabi, wato jikka 2.500, abin da za ka gani a rubuce shi ne 2.500.000 F. Ƙidaya ziro, guda biyar ne bayan 2 da 5. In ɗaya ya faɗi, takarda ta ce jikka 250 ka biya, kuma ranar rigima abin da ke takarda alƙali zai duba. A rubuta kuɗɗin da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi. Shaidu biyu su sa hannu. A kai komisariya ko ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Kai kuma ka sa hannu da sunanka, ba dangwale ba, tunda yanzu ka iya.

Kada ka tsaya nan. Je ka maida kart giriz da sunanka. Na san akwai kuɗɗi, akwai jeka-ka-dawo, shi ya sa mutane ke cewa sai wata mai kamawa, har shekara uku ta wuce. Amma muddin sunan wani ke takarda, a idon hukuma shi ne mai mota. In ya rasu, kai da magada ne. In kana so ka sayar, sai ka nemo shi, wataƙila yana Agadas, wataƙila yana Libiya.

Mota ta zo gida, an yi barka, an zagaya da yara. Daga yau aikinka na kowace sahiya bai hi na ba dabba ruwa wuya ba. Kahin a tada inji, mota na tsaye a wuri mai daidai, zaro sandar mai, goge, maida, sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinta, wasu an rubuta MIN da MAX. MIN shi ne ƙasa, MAX shi ne sama. Mai ya tsaya tsakaninsu. A galan na mai za ku ga rubutu kamar 15W-40 ko 20W-50, wannan kaurin man ne. Tambayi makaniki wanda ya dace da injinka, ka rubuta, kada ka riƙa sakewa. Man da ake aunawa a buɗaɗɗen kwano bakin tasha, ba ka san ko daga cikin wata motar anka juyo shi ba. A ƙasa mai ƙura da zahi irin tamu, makanikai na ba da shawarar a yi bidanji, wato juyen mai, wajen kowane kilomita 5.000, a sake filtir na mai tare. Ran da anka yi, rubuta lambar da ke tablo, ƙara 5.000 a kai, ka san ranar komawa.

Lokacin hunturu, ƙura ita ce maƙiyiyar inji. Filtir na iska shi ne rawaninsa. A cire shi a kakkaɓe, in ya toshe a sake. Na takarda ba a wanke shi da ruwa. Wasu in ya toshe sai su jefar, su ce mota ta hi gudu haka. Tana gudu, tana haɗiyar rairayi.

Watan 4 da watan 5, zahi yana wuce digiri 40 a inuwa. Lokacin ne ake ganin motoci bakin hanya tsakanin Doso da Dutsi, kapo a buɗe, tururi na tashi. Duba ruwan radiyater da sahe, inji na sanyi. In kana tahiya allurar zahi ta hau ja, tsaya, kashe inji, jira rabin awa ko hiye. Kada ka buɗe bakin radiyater yana zahi. Ruwan yana tafasa cikin matsi, zai watso maka a huska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi bisa inji mai zahi, ƙarhe na iya tsagewa. In hitilar butar mai ta kama ja kana tahiya, wannan ba ta jiran ka isa gari. Tsaya nan take. Minti kaɗan ba mai sun isa su kashe inji. Ja, tsaya. Rawaya, kai ta garaji ba da daɗewa ba.

Akwai wata ɗamara ta roba mai haƙora cikin injuna da yawa, ba a ganinta daga waje. A takardar garaji ana rubuta ta courroie de distribution. Ba ta kuka, ba ta ba da sanarwa. Ran da ta tsinke, a injuna da yawa ƙarafan ciki ke karo da juna. Tambayi mai sayarwa yaushe anka sake ta. In babu takarda, ka sake ta tun watan farko. Wasu injuna sarƙa gare su a madadinta, makanikinka zai gaya maka.

Maganar birki gajera ce. Man birki daban yake, a gwangwaninsa an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa in ya ƙare a daji, ba man birki ba ne. In kuwa kullum man na raguwa, wani wuri ke yoyo, a nemo shi yau.

Isansi kuma, tun 2011 muna da matatar SORAZ kusa da Damagaram, amma har yanzu kwalaben ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya. A ƙauyen da babu gidan mai, ba yadda za ka yi. To ɗaga kwalbar ga rana ka duba. Ruwa ƙasa yake kwantawa, za ka gan shi. A tace da ƙyalle mai tsabta. Abin da nike roƙonku da girman Allah, kada ku aje bido na isansi cikin ɗakin da ake kwana, ko kusa da murhu.

Na aje taya sai yanzu don ita ce darasin karatunmu na wannan mako. Taya ma tana da ranar haihuwa, a rubuce a gehenta. Nemi haruffa uku, DOT. Bi rubutun da ke bayansu har ƙarshe. Za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa cikin ɗan zagaye kamar ƙwai. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ka ga 0522, mako na 5 na 2022. In ba ka gani ba a gehen waje, yana gehen ciki. In lambobi uku ka gani maimakon huɗu, tayar ta girmi shekarar 2000, ta zama ta yin takalmi da guga.

Don mi wannan ya dame mu? Don yawancin tayoyin da muke saye okaziyo ne. Za ka ga zanenta da zurhi, ka ce sabuwa ce, alhali robar ta bushe. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Manyan masu ƙera taya da kansu sun ce wadda ta kai shekara 10 a cire ta, komi kyanta. Ni kam, a kwaltarmu ta watan 4, wadda ta wuce 6 ba na sa ta gaba. Dubi kuma ƙananan tsagu a gehe, da ƙullutu kamar ƙari. Cikin kwarin zanen akwai ƴan tudu ƙanana. In zane ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Iskar da ta kamata a sa an rubuta ta a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littahin mota. A auna da ma'auni, taya na sanyi. Buga ta da ƙafa ba awo ba ne.

Ku tuna yawan mutane da nauyin da munka karanta a kart giriz. Tsohuwar taya, iska kaɗan, kwalta mai zahi, buhun wake har sama da mutum biyar bisa kaya, ga gudu: haka taya ke fashewa. Mai mota yana ganin ribar buhu uku da ya ƙara. Bai lissafa amortiser da ya karye ba, balle ran da ke ciki.

Ke hajiya mai taksi, da kai alhaji da ka ba direba mota, ku dubi permi nasa da idonku. Harahin B na ƙaramar mota ne, wadda ba ta wuce mutum 9 har da direba ba. C na babbar motar kaya. D na motar ɗaukar mutane da yawa. Dubi hoto, dubi suna.

Sannan ku sayi kaye guda, na mota kaɗai, ya zauna cikinta. Ku ja layi huɗu: kwanan wata, lambar kilomita, abin da anka yi, kuɗɗi. Isansi, a rubuta. Faci, a rubuta. Abin da direba ya kawo da marece, a rubuta. In makaniki ya ce ya sake wani ƙarhe, ya ba ku tsohon a hannu, ku rubuta sunansa yadda kunka ji shi, ko da Hausa ne. Ba don ana zargin kowa ba. Makanikin kirki ma daɗi zai ji, don in motar ta dawo ba sai ya yi ta lalube ba. Ƙarshen wata ku haɗa abin da ya shigo, ku haɗa abin da ya hita, ku ɗebe. Daga abin da ya rage a ware na gyara, a aje shi daban, kada a taɓa shi ran suna ko ran biki. Bayan wata uku kayen zai gaya maku ko motar ke ciyar da gida, ko gida ke ciyar da ita. Ran da za ku sayar kuma, mai saye da ya iya karatu zai ga duk abin da anka yi mata.

Ga aikinku na wannan mako. Ran kasuwa, kowa ya je tasha da kayensa. Ku gaida direba, ku nemi izini. Ku duƙa ku nemi DOT a jikin taya biyu, ku rubuta lambobi huɗun nan. Ku lissafa shekarun kowace. Mata da ba su zuwa tasha, tayar amalanke ko ta babur ɗin gida ta isa, in akwai lambar a jikinta. Ku kai ma malaminku na aji, a rubuta a babban allo, a ga wanda ya samo wadda ta hi tsufa. Malamai kuma su aiko muna da abin da anka samu, za mu karanta a rediyo tare da sunan garinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.